Ƙafar Baba da Taɓon Fadama

A ƙauyenmu, can gabas da Hadejia ta wajen Kirikasamma, ba a shuka waken rani sai babana ya taka ƙasa. Haka na taso na tarar. Kowace shekara kogi yakan cika ya malale fadama, ya kwanta a kanta wata da watanni, sannan ya fara ja da baya kaɗan-kaɗan, ya bar baƙin taɓo mai sheƙi. A cikin wannan taɓon ake shuka wake. Babu ruwan sama, babu ban-ruwa, danshin da kogi ya bari shi zai riƙe shukar har ta nuna. To amma abin yana da rana. In ka yi gaggawa iri ya ruɓe a rami, in ka yi jinkiri ƙasa ta bushe ta tsage, wake ya fito ya tsaya cak. Tsakanin gaggawar da jinkirin bai wuce 'yan kwanaki ba, kuma ido ba ya gane su, domin saman taɓo maƙaryaci ne.

Babana da ƙafa yake ganewa. Da hantsi zai naɗe wando zuwa gwiwa ya shiga, mutane na tsaye a kan tudu. Ya yi 'yan taku ya tsaya, ya nutsa diddige, ya murza babban yatsa, ya rufe ido. Yana sauraron sanyin da ke ƙarƙashi, da yadda taɓo ke riƙe ƙafa ko ya sake ta, da ko ruwa zai biyo sawunsa in ya ɗaga. Sai ya fito ya ce, "Saura kwana huɗu," ko ya ce, "Gobe." Shi ke nan. Ba sarauta ba ce, ba a naɗa masa rawani a kanta ba, amma a ranar ko Bulama, mai garin kansa, a bayansa yake tsayawa.

Ni ne ɗan farinsa, kuma duk wanda ya san gidajenmu na da ya san abin da hakan ke nufi. Bai taɓa kiran sunana ba. Ni ne "wannan", da na girma na zama "mutumin birni". Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a cikin Hadejia, a can na yi makaranta, ban taɓa riƙe fartanya da sunan noma ba. In na je ƙauye sai in durƙusa daga nesa in gaishe shi, shi kuma ya amsa yana kallon akuya. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa ya gaya mini haka, har ma ana cewa alamar so ce. Na yarda. Amma in na ce abin bai dame ni ba na yi ƙarya. Ya dame ni ina yaro, ya kuma ci gaba da damuna da gemuna.

Bayan rasuwar mahaifiyata gidan ya watse. Ƙannena mata suna gidajen aurensu, namijin ya yi kudu neman abinci. Aka bar Baba da ƙanwarsa, Goggo, wadda ta dawo gida bayan mutuwar mijinta. Ita ta zama hanyar da ke tsakanina da shi. Za mu zauna mu uku a tsakar gida, inuwa ɗaya, sai ya ce, "Ki tambayi mutumin birni ko an fara sayar da taki a wajensu." Goggo ta juyo ta maimaita mini kamar ba na wurin. Ni kuma in ba ta amsar, ta juya ta miƙa masa. Wani lokaci takan gaji ta ce, "Ni kam da ana biyan tafinta a gidan nan da na sayi saniya." Shi ba ya dariya, ni kuma ba ni da ikon yi.

Aikina koyarwa ne a makarantar koyon aikin lafiya. Darasina shi ne yadda cuta ke yin ɓarnarta a cikin jiki, abin da ke faruwa a jini da jijiya kafin mutum ya san yana ciwo. Ina son darasin, kuma ba yabon kai ba, na iya shi. In mun zo kan ciwon suga nakan zana ƙafa a allo, babba, har da farce. In ce wa ɗalibai, akwai wani sinadari da jiki ke yi, insulin, shi ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka. In ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai suga ya yi ta gararamba a jini shekara da shekaru, yana cin bangon ƙananan hanyoyin jini waɗanda suka fi gashi siranta. Su kuwa waɗannan hanyoyi su ke ciyar da jijiyoyin da ke kai labarin zafi da sanyi da taɓawa zuwa ƙwaƙwalwa. Jijiyar da ta fi tsawo ita ke fara jin yunwa, shi ya sa abin ke farawa daga yatsun ƙafa ya hauro. Da farko mutum ya ji kamar kiyashi na yawo a tafinsa, ko raɗaɗi kamar an shafa barkono. Daga baya sai shiru.

A nan nakan ɗauki tsumma in goge zanen daga yatsu zuwa idon sawu, in juyo in dubi ajin. "Ranar da majinyaci ya ce muku ƙafar ta daina damunsa, kada ku taya shi murna. Ku ce ya miƙo ta ku gani." Ɗalibai suna son wannan wurin, har kwaikwayona suke yi a bayan idona.

Ciwon Baba Goggo ce ta fara gano shi. Ta kira ni a waya ta ce Yaya ya rame, buta ba ta rabuwa da hannunsa, ruwa kuma randa guda ba ta isarsa, sannan kiyashi na taruwa a inda ya yi fitsari. Na sa aka kawo shi Hadejia. Na roƙi wani abokin aikina ya gwada jininsa, ni ina tsaye a baranda ina karanta wata takarda da ke manne a bango, wadda na riga na haddace. Suga ne, kuma ya daɗe. Na sayi magani, na rubuta wa Goggo abin da zai ci da abin da zai bari, na karanta mata sau uku tunda ba karatun boko take yi ba. Na kuma sayi takalmin ruwa, irin baƙin nan mai kaiwa ƙwauri. Da na koma ƙauye bayan wata biyu na ga takalmin a rataye a jikin azara, an cusa masa tsumma don kada ɓera ya shiga. Ana adana shi sosai.

Shekara ta farko yana kukan ƙafa. Goggo ta ce yakan zauna ya yi ta murza ta da man shanu, wai tana yi masa zugi. Shekara ta biyu ma haka. A ta uku ta kira ni da murna a muryarta.

"Malam, maganinka ya yi. Ƙafar nan ta daina damunsa sam. Alhamdu lillahi."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Wallahi haka na ce. Ina tsaye a ƙofar aji, ƙurar alli a hannuna, na ce alhamdu lillahi, na kashe wayar. Na san abin da na ji. Na gaya wa kaina cewa zan je ƙarshen mako, ƙarshen mako ya zo ana jarrabawa, na gaba aka yi rasuwa a unguwarmu. Gaskiyar ita ce ban san yadda zan yi in ce wa mutumin da bai taɓa kallon idona ba ya miƙo mini ƙafarsa ba.

Ana cikin haka na haɗu da Bulaman ƙauyenmu a kasuwar kifi. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki.

"Malam, ashe tsohon nan naka ba a banza yake ba. Ka san abin da yake yi yanzu? Rana tsaka, rairayin da ko jaki ba ya iya tsayawa a kai, shi tafiyarsa yake yi a hankali ba takalmi. Rannan an sare kacala, doguwar ciyawar nan ta bakin ruwa, kututturen nan masu tsini kamar mashi, ya bi ta kansu ya wuce. Ko gezau. Samari har sun fara zuwa wurinsa neman maganin ƙaya."

Na ce, "Allah ya taimaki Bulama, shi me yake ce musu?"

"Me zai ce? Shiru yake yi. Ai masu abin ba sa faɗa."

Ya yi dariya, na taya shi. A ƙauyen gaba ɗaya babu wanda ya ga ciwo a wannan al'amari. Mutum ne da ƙafarsa ta riga ta yi suna, in ta ƙara wani abin mamaki sai a ce baiwar ce ta ƙaru. Ban ga laifinsu ba. Su ba su taɓa zana ƙafa a allo ba.

Da yamma na kira Goggo. Na yi mata bayani dalla-dalla: ƙafar ba warkewa ta yi ba, mutuwa take yi. Dole ya riƙa sa takalmi, dole a riƙa duba tafinsa kullum, a wanke, a shafa mai, a duba tsakanin yatsu. Kuma bana kada ya shiga taɓo. Ta ce to. Washegari na tambaye ta yadda suka yi.

"Na gaya masa ka ce ya riƙa sa takalmi."

"Sauran fa?"

"Haba Malam. Ni zan dubi Yaya in ce masa ƙafarsa ta mutu? Ai bakina ba zai iya ba."

"To me ya ce?"

"Ya ce a gaya wa mutumin birni takalmi ba ya jin ƙasa."

Na yi fushi da ita, fushi sosai, har na ɗaga mata murya. Daga baya na ga rashin kunyata: na ba tsohuwa kayan da ni da kaina na kasa ɗauka, sannan ina faɗa don ta sauke rabi a hanya.

Da ruwa ya fara ja na ce wannan karon zan je da kaina. Na isa ranar da zai taka ƙasa. Na tarar har an taru a kan tudu, maza sun fi arba'in, wasu da iri a buhu don zumuɗi. Na gaishe da Bulama, na tsaya a baya. Baba ya naɗe wando ya shiga. Na lura da tafiyarsa, yana ɗaga ƙafa sama fiye da kima yana dire ta, idonsa na ƙasa. Ya tsaya, ya nutsa diddige, ya murza yatsa. Amma bai rufe ido ba. Yana ta kallon gefen taɓon, yana kallon inda ruwa ya tsaya jiya, yana kallon sama. Ya daɗe fiye da yadda na sani. Sannan ya juyo ya ce, "Jibi."

Yana hawowa tudu wani ya ce, "Kai, ku dubi abin da Baba ya jawo!" Wata tsohuwar igiya ce ke bin sa a baya, guntun mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi da masunta ke shimfiɗawa a ruwa. Ta tsinke tun da damina ta nutse a taɓo. Ɗaya daga cikin ƙugiyoyin ta shige tafin ƙafarsa ta dama har wuya, shi kuma yana tafe yana jan sauran. Sai da ya ji hayaniya ya duba. Ya sunkuya, ya kama ta ya fizge, kamar mai cire ƙaya daga riga. Jini ya biyo, baƙi-baƙi, ya gauraya da taɓo.

Wurin ya ɗauki sowa. Wani ya ce, "Namiji!" Bulama ya juyo yana nemana da ido, yana murmushi, wato ka gani da idonka.

Baba ya ɗago kai. A cikin mutanen nan duka ni ya duba. Ido cikin ido, karo na farko a rayuwata. Bai daɗe ba, kamar ƙiftawa biyu. Ni kuwa na sunkuyar da kai, kamar yadda aka koya mini tun ina ƙarami.

A gida na aika Goggo ɗakinsa da ruwan ɗumi da gishiri da auduga. Na tsaya a bayan zana ina ba ta umarni: ki wanke sosai, ki matsa, ki duba ko akwai abin da ya karye a ciki. Goggo da idonta ya fara hazo, a cikin ɗaki mai duhu, ta leƙa ta ce, "Ɗan ƙaramin rami ne, Malam, ko ƙwayar gero ba za ta shiga ba." Na san irin wannan ramin, bakinsa ne ƙarami. Tsakanina da ƙafar bai fi taku biyar ba. Na ce ta ɗaure da bandeji, kada ya taka ƙasa, na ce zan aiko da magani da mai yi masa allura. Na hau babur na koma Hadejia saboda ina da aji da safe. Na aika da maganin kuwa, ban yi ƙarya ba.

Jibin da ya faɗa aka yi shuka, shi ma ya fita ya shuka tasa gonar, da bandejin da komai. Ƙasar ba ta kai ba. Bayan kwana goma aka fara tona ramuka ana samun wake ya kumbura ya yi baƙi. Rabin fadamar ya tafi a haka. Babu wanda ya zo ya yi masa magana, mutanenmu ba sa haka. Sai dai masu zuwa gaisuwa da safe suka ragu, samarin maganin ƙaya suka ɗauke ƙafa. Ya shige ɗaki ya daina fita sai masallaci, daga baya har masallacin ya bari. Goggo ta ɗauka baƙin cikin wake ne. Sai da wari ya fara fitowa daga ɗakin ta kira ni tana kuka.

Hanyar mota ba ta gama bushewa ba, a kwalekwale aka fito da shi zuwa inda mota ke tsayawa. A asibiti aka kwantar da shi, ma'aikaciyar jinya ta fara warware tsumman da aka naɗe ƙafar da shi. Na ce ta ba ni. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na durƙusa na warware da hannuna. Wannan ne karo na farko da na taɓa jikin mahaifina. Ƙafar ta yi sanyi, yatsu uku sun yi baƙi, ta kumbura har ƙwauri, fatar duk faso. Na danna bayan idon sawu ina neman bugun jini, ban samu ba. Duk abin da nake faɗa a aji yana nan a tafin hannuna: jini ba ya isa wurin balle ya kai masu yaƙi da ƙwayar cuta, ƙwayar cutar kuma ta samu nama mai zaƙi ta zauna, zafin da zai hana shi takawa babu shi. Shi yana kallon rufin ɗakin. Bai ma san na taɓa shi ba.

Likita, wanda da ɗalibina ne kafin ya ci gaba da karatu, ya ja ni gefe, amma ban bar shi ya wahala ba. Na ce na gani. Ya je ya yi wa Baba bayani a hankali, cewa in ba a cire ƙafar daga ƙasan gwiwa ba abin zai shiga jini. Ya tambaye shi ko ya yarda. Baba ya juya kai. Sannan ya ce, yana kallon bango, "Ku tambayi wannan. Aikinsa ne."

Ni na sa hannu a takardar.

Ya yi wata biyu a Hadejia. Na so ya zauna a gidana, ya ƙi, ya ce a mai da shi. Na saya masa sanduna, ya koyi tafiya da su a tsakar gida, daga ɗaki zuwa gindin darbejiya, daga nan ya dawo. Kafin damina ta kama, 'yar Goggo da ke Jahun ta haihu ba lafiya, Goggo ta tafi jinya, tafiyar da ta zama zama. Matar maƙwabci ke miƙo masa abinci ta kan katanga. Na fara zuwa duk Asabar. In share ɗaki, in cika randa, in gwada jininsa, in wanke ƙafar da ta rage in duba tsakanin yatsu. Yanzu yana miƙo ta ba sai an ce ba, amma ba ma magana. Babu tafinta. Mukan zauna daga hantsi har la'asar, shi yana jan carbi, ni ina duba takardun ɗalibai, ba abin da ake ji sai kurciya. Ban taɓa jin kaɗaici irin na waɗannan Asabar ɗin ba, kuma na san nawa bai kai rabin nasa ba.

Kogi ya cika, ya kwanta, ya fara ja. A shekarar kowa ya yi ta kansa. Wasu suka shuka da wuri, wasu suka jira, wasu suka ce su dai injin ban-ruwa za su haya su huta. Babu wanda ya leƙo gidanmu ya tambayi rana.

Wata Asabar ina ɗaure jakata zan tafi sai na ji ya ce, "A kai ni bakin fadama."

Na duba, babu kowa a gidan sai ni. Na je na aro amalanken shanu, na ɗauke shi na ɗora. Bai fi nauyin buhun ƙaiƙayi ba. Muka tafi har kan tudun da ake tsayawa, na saukar da shi ya zauna a kan tabarma, ya miƙe ƙafa ɗaya. Babu kowa a wurin sai balbelu can nesa.

"Cire takalmi."

Na cire, na naɗe wando, na shiga. Taɓon ya fi yadda na zata sanyi, ya kutso ta tsakanin yatsuna.

"Ƙara gaba. Tsaya nan. Danna diddige. Me ka ji?"

"Sanyi, Baba."

"Kowa ya san da sanyi. A ina ya tsaya? A fata, ko ya hau ƙashi?"

Na rufe ido. "Ya hau ƙashi."

"Ɗaga. Ta sake ka ko ta riƙe?"

"Ta riƙe, sannan ta saki da ƙara."

"Dubi sawun. Ruwa ya biyo?"

"Kaɗan, daga gefe."

"Ba ta yi ba. Kwana biyar." Ya dubi sawuna. "Ƙafar birni ce, amma tana ji."

Shekarata hamsin da ɗoriya a lokacin, amma daɗin da na ji na yaro ne. Na tsaya a cikin taɓon ina murmushi kamar wawa. Ina fitowa ina goge ƙafa da ciyawa sai ya ci gaba da magana, a hankali, yana kallon fadamar.

"Shekara uku ban ji ƙasa ba. Da ido nake yi, da lissafin kwanaki. Biyu na dace. Duk safiyar da zan shiga sai in ce yau wani zai gane ya hana ni. Su ba su sani ba, sun ɗauka wani abu na sha." Ya gyara zaman guntuwar ƙafar da hannu. "Ranar ƙugiya na duba na ga ka gani. Na ce to, yau wannan zai yi magana. Har na tsaya."

Na ci gaba da goge ƙafa da ciyawa.

"Ni ba zan iya farawa ba," in ji shi. "Ba a koya mini ba."

Muka koma gida a amalanken, rana na faɗuwa a bayanmu. Ban yi kuka a gabansa ba. Sai da na hau hanyar Hadejia na tsayar da babur a gindin wata goruba na yi mai isata. Bayan kwana biyar na nemi izini a makaranta na je na shuka masa gonarsa, layuka a karkace, ramuka wani ya yi zurfi wani bai yi ba. Waken ya fito. Ya ci daga cikinsa kafin Allah ya karɓi abinsa a farkon bazara. Har ya rasu bai kira sunana ba, amma daga ranar fadama ya koma ce mini "kai", kuma na riƙe wannan.

Yanzu ni ma ina da suga, gado ba ya ɓata hanya. Na yi ritaya, uwargidana ta riga ni gidan gaskiya, ina zaune ni kaɗai a gidan da na gina don mutum goma. Kullum da safe bayan na sha magani nakan ajiye madubi a ƙasa in duba tafin ƙafata, sannan in ja zaren auduga a kan yatsu ɗaya bayan ɗaya. Biyu na hagu sun fara yin shiru. Idona ma ba kamar da ba, madubin ba ya gaya mini duka.

Ɗan farina yana aiki a Dutse, yakan zo ƙarshen wata. Yaro ne mai ladabi, ni na koya masa. Yakan durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ni idonsa a ƙasa, ni kuma in amsa ina kallon rediyo. Da duk karatuna, da duk abin da na gani, haka na rene shi, ban taɓa kiran sunansa ba. Zuwansa na watan jiya na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na cire safa, na miƙe ƙafafuna inda dole idonsa ya sauka a kansu. Ya gaishe ni, ya dube su, ya kawar da kai. Na ji yana shirin tashi. Sai na buɗe baki. Na kira sunansa, na ce, "Zo ka duba mini ƙafar nan."

Sai ya waiwaya bayansa, ya ga ko da wani nake.